Yadda za ka zaga saharar Masar daga Kano: Fayyum, Farar Sahara da Jabal Musa

Mu mutanen Kano zuwa Masar ba baƙon abu ba ne a wajenmu, wani ya kai mahaifiyarsa ganin likita, wani yana karatu a Azhar, wani sarin abaya da takalma ya kai shi, amma in mutum ya dawo ka tambaye shi me ka gano sai ya ce maka dalar Giza da kogin Nilu da kasuwar Khan Khalili, shikenan. Nima haka nake har zuwana na uku lokacin da na raka yayana asibiti aka ce mu jira sati biyu kafin a sake duba shi, jikin da sauƙi sosai, zaman otal ya ishe ni, shi ne wani ɗalibi ɗan unguwarmu ya ce Yaya ka taɓa zuwa Fayyum kuwa? Daga wannan fitar ta yini ɗaya ne abin ya shiga raina, har na dawo gida na haɗa abokaina uku muka sake komawa musamman don sahara. Abin da zan rubuta a nan shi ne tsarin da muka bi da wanda da ma shi muka bi tun farko.

Wuraren da nake magana a kansu gwamnatin Masar ce ta killace su, su suna ce musu mahmiyya, kamar dai yadda muke da Yankari ko dajin Falgore, sai dai su babu daji, rairayi ne da duwatsu da sarari iya ganinka. Kuma shawarata tun daga nan ita ce ka jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kar ka sauka daga jirgi yau gobe ka ce sai kan dutse. Kwana 10 sun isa in ka tsara su da kyau.

Mataki na farko, zaɓen lokaci

Daga Oktoba zuwa farkon Maris shi ne lokacin. Daga Mayu zuwa Satumba kam ka manta da maganar, zafin yana wuce 40 kuma babu bishiyar da za ka raɓe, kar ka ce ai ni ɗan Kano ne na saba da zafin Afrilu, a Kano in rana ta dame ka akwai rumfa akwai mai fiya wata a kowace kwana, can babu. Daga Maris zuwa Mayu kuma akwai wata iska mai ƙura da suke kira khamsin, ta fi hazon hunturunmu ƙarfi nesa ba kusa ba domin ita da zafi take zuwa tana watsa maka yashi a ido, in ta taso ko tanti ba ya kafuwa. Ni Nuwamba na fi so. Disamba da Janairu rana tana da daɗin tafiya amma dare sanyinsa yana kusan kaiwa sifili a Farar Sahara, a Sina'i kuwa, inda dutsen Jabal Musa yake, har ƙanƙara tana sauka a wasu shekarun. In da hali ka duba kwanan wata ma, in taurari kake son gani ka saita kwanan saharar ya faɗo ƙarshen wata lokacin duhu, in kuma fararen duwatsun kake son gani suna haske da daddare to tsakiyar wata, 13 zuwa 15.

Na biyu, takardu da kuɗi

Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata 6 a jikinsa. Biza daga nan gida ake nemanta kafin a tashi, ofishin jakadancin Masar yana Abuja, masu harkar tikiti na cikin gari ma suna yi wa mutane, amma ka fara da wuri kamar wata biyu kafin tafiya kuma kar ka biya kuɗin otal ko na jagora wanda ba a mayarwa sai biza ta fito. Sai katin rigakafin shawara, yalo kad ɗin nan, ana yi a ofishin lafiya na filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma allurar sai ta kwana 10 a jikinka kafin a ɗauke ta a matsayin mai aiki, don haka ba abin da za ka bari sai ana gobe tafiya ba ne. EgyptAir yana tashi daga Kano kai tsaye zuwa Alƙahira, awa huɗu da wani abu ne zuwa biyar, kuma a lokacin sanyi agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya.

Kuɗi ka canza dala a Wapa ka tafi da ita, sababbin takardu marasa yagewa, in ka sauka ka canza zuwa fam ɗinsu a banki, kar ka canza a hannun mutum a titi. Ka nemi ƙananan kuɗi da yawa domin bakshish, wato ɗan abin goro, al'ada ce a can, mai raƙumi, mai shayi, mai gadin banɗaki, kowa yana sa rai. Ka riƙe kati mai aiki a waje shima saboda wuraren tarihi da yawa yanzu da kati kaɗai ake yankar tikiti, amma a cikin sahara tsabar kuɗi ce ke aiki. Layin waya a filin jirgi za ka saya da fasfonka, akwai Vodafone akwai Orange da sauransu.

Abu biyu kar su shiga jakarka dan Allah. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi, duron ɗin nan da samari ke yayi a wajen biki, haramun ne shiga da shi ba izini, za su ƙwace kuma za ka sha tambayoyi. Sai tiramadol da ire-irensa, Masar ba sa wasa da wannan ko kaɗan, an ɗaure baƙi a kansa. In kana shan maganin hawan jini ko siga ka tafi da shi a kwalinsa tare da takardar likita.

Na uku, ka shirya ƙafarka tun a Kano

Wannan shi ne abin da mutane ke rainawa. Yawancinmu daga gida sai mota ko adaidaita, daga nan sai shago, mutum zai yi wata bai yi tafiyar kilomita 3 a jere ba. Sati shida kafin tafiya ka fara fita bayan sallar asuba, tafiyar minti 40 da sauri, kana ƙarawa a hankali har ka kai awa biyu ba ka zauna ba. Sau biyu a sati ka je Dutsen Dala ka hau matakalar ka sauko ka sake hawa, sau uku sau biyar har goma, da jaka a bayanka ka sa robar ruwa manya biyu a ciki. Mu haka muka riƙa yi ranar Asabar da Laraba, wani lokacin mu canza zuwa Goron Dutse, kuma wallahi ranar da muka hau Jabal Musa mun ga amfaninsa domin wanda ya fi yawan fashi a cikinmu shi ya fi shan wuya.

Takalmin da za ka tafi da shi da shi za ka yi wannan atisayen. Ka shiga Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo ka nemi kambas mai kaurin ƙasa mai gargada wanda ya rufe idon sawu, ya ɗan fi ƙafarka kaɗan saboda ƙafa tana kumbura in an daɗe ana tafiya kuma za ka sa safa mai kauri. Sabon takalmi dal a ranar hawan dutse bororo ne kawai zai fito maka. A nan Wambai ɗin dai za ka samu jaket mai kauri irin na ƙasashen sanyi, da hular sanyi da safar hannu da dogon wandon ciki, duk da araha in ba lokacin hunturu ka je ba. Sai ka biya Kantin Kwari ka yanki yadi mara nauyi kamar yadi huɗu na rawani, ni ban ga abin da ya kai rawani amfani a sahara ba, ya tare rana, ya tare ƙura, da daddare ya rufe kunne da hanci, Buzaye sun san abin da suke yi. Mata kuma doguwar riga mara jan ƙasa da wando a ciki da hijabi madaidaici wanda iska ba za ta riƙa cika shi ba, abaya mai jan ƙasa a kan matakalar dutse hatsari ce. Sauran tarkacen su ne tocila ta goshi, fawa bank, tabarau na rana, man kaɗanya ko basilin don leɓe da dunduniya, filasta, farasitamol, da ƙullin ORS kamar guda goma.

Na huɗu, zaɓen jagora

A nan tafiyar take gyaruwa ko ta lalace. Farar Sahara ba a shiga sai da izini da jagora mai lasisi da mota mai jan ƙafa huɗu, yawanci Land Cruiser, kuma shi jagoran shi ke nema maka izinin da kwafin fasfonka kwanaki kafin ranar. Mu karon farko araha muka bi, wani da muka samu ta waya ya ce babu damuwa komai an gama, muka yi awa huɗu a hanya muka zo shingen jami'an tsaro aka duba babu sunanmu a takarda, aka juyo da mu, yini guda da rabin kuɗinmu suka tafi. Araha ba ta ado. Kuma maganar izinin nan ba ta cika takarda kawai ba ce, a watan Satumba na 2015 jami'an tsaron Masar sun buɗe wa ayarin masu yawon buɗe ido wuta bisa kuskure a yankin Bahariyya, dausayin da ake bi a shiga Farar Sahara, mutum 12 suka mutu, 8 daga cikinsu 'yan Meziko. Saharar yamma ta haɗe da iyakar Libiya, don haka hanyar da aka ba ku izini ita za ku bi, ko direba ya ce zai nuna muku wani wuri na daban ku ce a'a.

Ka tambayi wurare uku kafin ka zaɓa, kuma ga abin da za ka tambaya a rubuce ta WhatsApp don ya zama shaida: shin kuɗin ya haɗa da izini da tikitin shiga mahmiyya, motar da za ta ɗauko ku daga Alƙahira tana ciki, lita nawa na ruwa za a ɗauka, akwai tanti da katifa da bargo nawa ga kowane mutum, akwai tayar safaya da shebur, mota ɗaya ce ko ayari. Ka ce ya turo maka hoton takardar izinin da sunanku kafin ku baro otal. Ka biya kafin alƙalami kaɗan, ragowar sai kun dawo. In kana da ɗan Larabci ko na Islamiyya ne zai yi maka amfani sosai, suna sakin jiki da wanda ya yi musu sallama ya gaishe su da harshensu, in babu ka ɗauki ɗalibi ɗaya cikin yaranmu da ke karatu a can ka biya masa, zai ji daɗi kuma zai hana a cuce ka.

Kwana na 1 da na 2: Alƙahira da Wadi Digla

Ranar da ka sauka ka huta. Washegari da sassafe ka ɗauki Uber zuwa Wadi Digla, wani kwari ne na farin dutse a gefen unguwar Ma'adi, an killace shi tun 1999, a bakin gari yake amma da ka shiga ciki ƙarar mota ta ɗauke. Ka yi tafiyar awa ɗaya ciki ka juyo. Amfanin wannan fitar gwaji ne, a nan za ka gane ko takalmin yana cizo, ko jakar ta yi nauyi, ko ruwan da kake ɗauka yana isarka, tun kana kusa da kanti.

Kwana na 3 da na 4: Fayyum

Fayyum kamar awa biyu ce daga Alƙahira. Ka kwana a ƙauyen Tunis da ke saman tafkin Ƙaruna, eh sunan Ƙarunan da ka sani a Alƙur'ani, mutanen wajen suna danganta tafkin da shi, ƙauyen kuma ya yi suna wajen ginin tukwane da kwanukan yumɓu, in za ka yi wa uwargida tsaraba a nan ne. Daga nan mota mai jan ƙafa huɗu za ta shiga da ku Wadi Rayyan, tafkuna ne biyu a tsakiyar rairayi da suka samu daga ruwan da ake malalowa daga gonakin Fayyum tun shekarun 1970, da 'yar magangarar ruwa a tsakaninsu. Magangarar ba wata babba ba ce kuma ranar Juma'a cike take da jama'a, kar ka ɓata lokaci a nan, ka ce a kai ka Jabal Mudawwara ka hau, minti 20 ne, ka ga ruwa shuɗi kwance cikin jigawa.

Abin da ya kawo ka shi ne Wadil Hitan, kimanin kilomita 150 kudu maso yamma da Alƙahira, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2005. Hitan jam'in hut ne, kalmar nan da ta zo a ƙissar Annabi Yunusa, wato manyan dabbobin tekun nan masu siffar kifi amma haihuwa suke yi suna shayarwa. Ƙasusuwansu ne kwance a kan yashi a inda babu ko ɗigon ruwa, masu bincike sun ce wajen teku ne shekaru kusan miliyan 40 da suka wuce, kuma irin da suke kira Basilosaurus tsawonsa yana kaiwa mita 18, har da wasu 'yan ƙananan ƙafafun baya a jikinsa. Akwai ɗakin adana kayan tarihi da aka buɗe a 2016, ka fara shiga nan ka ga cikakken ƙwarangwal sannan ka fita ka bi hanyar ƙafa da aka shata da duwatsu, awa biyu za ta ɗauke ka in kana tsayawa. Na tsaya a kan ƙashin bayan wani na daɗe ina kallo, gaɓa ɗaya ta fi turmi kauri, bakina ba abin da yake fita sai tasbihi. Kar ka tsallake igiya kar ka ɗauki ko ɗan tsinken ƙashi, laifi ne.

Kwana na 5 zuwa na 7: Bahariyya da Farar Sahara

Ku bar Alƙahira ƙarfe 7 na safe, kilomita kamar 370 ne zuwa dausayin Bahariyya, awa huɗu zuwa biyar, babban garinsu sunansa Bawiti. A nan za ku ci abincin rana ku sauya zuwa motar sahara. Ka sayi dabino da zaitun a nan, nasu ne suke nomawa, dabinon shi zai riƙe ka a hanya. Ka kira gida ka gaya musu ba za a same ka ba sai jibi, domin da kun sauka daga kwalta sabis ya tafi, ka bar musu lambar ofishin jagoran saboda hankalin iyaye.

Za ku fara da Baƙar Sahara, tuddai ne masu baƙin dutse a kai sai ka ce an zuba musu gawayi, ragowar aman wuta ne na zamanin da. Ka hau ɗaya, minti 15 zuwa 20, amma tsakuwar tana zamewa, wajen saukowa ka riƙa taka gefen ƙafa. Sai ƙauyen Haiz inda akwai ruwan rijiya, a nan za ka yi alwala ta ƙarshe da ruwa mai yawa. Sai Dutsen Lu'ulu'u, ɗan ƙaramin tudu ne mai ƙyalli da wata 'yar ƙofa a tsakiya, minti goma sun isa. Wajen da nake so ka roƙi direba ya sauke ku ku taka da ƙafa shi ne Agabat, mota tana gangarowa daga kan wata jigawa sai kawai ka ga manyan duwatsu kamar rumbuna a tsaye cikin jan yashi da farin alli a ƙasansu, ku ce motar ta je gaba ta jira ku, ku yi tafiyar awa ɗaya bayan la'asar lokacin da rana ta yi sanyi. Da yawan direbobi sun fi son su zaga da kai a mota a ɗau hoto a wuce, sai ka faɗa tun a Bawiti cewa ku tafiyar ƙafa kuka zo yi.

Ita Farar Sahara, Sahara Baida a bakinsu, tana kamar kilomita 45 arewa da garin Farafira, an killace ta a 2002. Alli ne zalla, irin wanda muke rubutu da shi a allon makaranta, ƙasan tsohon teku ne, iska mai ɗauke da yashi ta yi ta cin gindin duwatsun fiye da samansu shi ya sa suka zama kamar laimar kwaɗi, wani kamar raƙumi wani kamar zomo, akwai wanda kowa ke ɗaukar hoto a wajensa mai kama da kaza tsugune a ƙarƙashin bishiya. Kar ka hau su kar ka rubuta sunanka a jiki, allin da farce ma yana kankaruwa.

Maganar ruwa, lita 4 ga kowane mutum a rana shi ne mafi ƙaranci, kuma kurɓa-kurɓa ake yi ba a jira sai ƙishi ya zo, domin iskar a bushe take gumi yana bushewa ba ka san kana zubar da shi ba. In fitsarinka ya yi ja ruwan bai isa ba. In wani ya fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya a zaunar da shi a inuwar mota a jiƙa masa rawani a ba shi ORS, in ya fara sambatu ko gumi ya ɗauke masa to babu jira, a juya gari. Kuma kar kowa ya ware shi kaɗai har motar ta ɓace masa, duwatsun kama suke da juna, ko bayan gida za ka zaga ka faɗa wa wani, da daddare ka tafi da tocila kana waiwayen wutar zango. Takardar da ka goge da ita ka sa a leda ka dawo da ita.

Sallah da sauƙi, matafiyi ne kai, ga kasaru ga jam'i, in ruwan da ya rage na sha ne ka yi taimama, ƙasa kam ga ta nan. Amma ka lura da alƙibla, mu a Kano mun saba gabas muke cewa har da ɗan karkata arewa, a can kudu maso gabas take, a Sina'i ma ta ƙara karkata kudu, ka tambayi jagora ko ka sauke manhajar da ke aiki ba intanet.

Da magariba za su kafa zango, su jingina tabarmi a jikin mota su tare iska, su hura wuta su gasa kaza su dafa shinkafa da miyar dankali, sai shayi ƙananan kofuna. Kafin rana ta faɗi ka sa kayan sanyinka gaba ɗaya, kar ka jira sai ka fara ji. Ni a daren farko jaket mara nauyi na kawo ina ganin ai na san sanyin Janairu a Kano, ƙarfe uku na dare haƙorana suna haɗuwa, bargo biyu bai yi min komai ba sai da jagoranmu ya tashi ya sake hura wuta na zauna a bakinta har asuba, shi ya sa nake ta nanata maganar Wambai. Yanyawa tana zuwa zango da daddare, 'yar ƙarama mai manyan kunnuwa, kar ka ba ta abinci kuma ka shigar da takalminka cikin tanti don tana jan su, da safe ka kakkaɓe su saboda kunama. In ka fito tsakar dare ka ɗaga kai, taurarin nan kaza da 'ya'yanta ka gan su tar kamar ka miƙa hannu, tun ina yaro a ƙauyen kakanninmu rabona da ganin sama haka. Bayan asuba kar ka koma barci, fitowar rana a kan allin nan ita ce abin da ka biya kuɗi dominsa, fari ya koma ja-ja ya koma ruwan zuma cikin minti kaɗan.

Kwana na 8 zuwa na 10: Jabal Musa

Ku dawo Alƙahira ku kwana ku huta sosai. Daga nan ko jirgi zuwa Sharm Shaikh, awa ɗaya, sannan mota kamar awa uku zuwa garin Sant Katrin da ke gindin dutsen, ko bas ɗin Go Bus zuwa Dahab wanda zai cinye maka dare ko yini guda, ta ramin Ahmad Hamdi a ƙarƙashin mashigin Suwez, daga Dahab kuma awa biyu zuwa Sant Katrin. Shingaye suna da yawa, fasfo ya zauna a aljihun gaba. Kudancin Sina'i kaɗai ake zuwa, arewaci ba wajen baƙo ba ne.

Dutsen tsayinsa mita 2,285, maƙwabcinsa Jabal Katrin mita 2,629 shi ne mafi tsawo a Masar, garin kansa yana kusan mita 1,600 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba, don haka numfashinka zai riƙa yin sama-sama, ba ciwo ba ne. Mutanen wajen suna cewa shi ne Ɗuri Sinina inda Allah ya yi magana da Annabi Musa, malamai sun yi saɓani kan ainihin wurin, kuma ka san hadisin da ya ce ba a ɗaura sirdi don ibada sai zuwa masallatai uku, to ka tafi da niyyar kallo da tunani cikin halittar Allah.

Dole ne ka ɗauki jagora daga Badawiyan wajen, ƙabilar Jabaliyya, a bakin hanya ake haɗa ka da shi. Ana fara hawa wajen ƙarfe 1 zuwa 2 na dare don a riski fitowar rana a sama, awa biyu da rabi zuwa uku ne. Hanya biyu ce, ta raƙuma wadda take kwana-kwana a hankali, da matakalar tuba mai taki 3,750 da aka jera da duwatsu. Da daddare ta raƙuma za ka bi. Wanda ƙafarsa ba za ta kai ba zai iya hayar raƙumi, ku gama ciniki tun a ƙasa, amma raƙumi ba ya kaiwa ƙarshe, taki 750 na ƙarshe kowa da ƙafarsa yake yi kuma nan ne wuyar take, ba a daidaita suke ba, wani ya kai gwiwa, ka yi hamsin ka tsaya ka yi numfashi goma ka ci gaba. Kar ka fara hawa da jaket a jiki don za ka yi gumi ya jiƙa rigar ciki, in ka kai sama ka zauna iska ta buge ka shi ne mura da zazzaɓi, ka sa shi a jaka sai ka isa, ka riƙe rigar ciki ta canji. Akwai 'yan rumfuna a hanya suna sayar da shayi mai ganyen habaƙ, wani dangin na'ana'a, da biskit, a ta ƙarshe ana ba da hayar bargo, ka karɓa. A saman akwai ƙaramin masallaci da ƙaramar coci kusa da juna, ka hau da alwalarka domin ruwan can ba ya taɓuwa don sanyi, mu a nan muka yi asuba da wasu 'yan Indonesiya.

Wajen saukowa in gwiwarka lafiya lau ka bi matakalar tuba, ta fi kyan gani kuma babu cunkoso, in kana da ciwon gwiwa ko nauyin jiki ka koma ta inda ka hau, ka ɗaure igiyar takalmi tamau don kar yatsu su riƙa dukan gaba. A gindin dutsen akwai gidan ibadar Kiristoci na Sant Katrin da aka gina tun ƙarni na 6 zamanin sarkin Rum Jastiniyan, a cikin ganuwarsa akwai masallaci na zamanin Faɗimiyya, da safe kaɗai ake buɗewa kuma Lahadi a rufe yake, don haka ka saita hawanka ya faɗo tsakiyar mako kuma ka sauko kafin ƙarfe 10 in kana son shiga. Ka sallami jagoranka da abin kirki, ka karya da ful, dafaffen waken nan nasu, da gurasa mai zafi a cikin gari, ka yi barci kafin ka hau mota. Jirgin komawa Kano kuma kar ka sa shi washegarin saukowarka, ka bar kwana ɗaya cur a Alƙahira saboda hanyar Sina'i ana iya tsayar da motoci a shinge na awanni.